Yadda zaka haɗa oba-oba da kwamfuta ka riƙa magana da ita ta intanet

Oba-oba kowa ya san iyakarta. A jikin kwali zasu rubuta maka kilomita kaza, amma in kana tsakiyar Sabon Garin Zariya cikin benaye da rufin kwano da ƙyar muryarka ta kai Kwangila, balle Samaru, balle kuma Shika. Toh a ce kana da gonar kaji ta wajen hanyar Giwa, masu gadi da yaran gona suna riƙe da oba-oba tunda ba kowane lungu ne ke da sabis ba, kai kuma kana gida a Tudun Wada ko ma tafiya ta kai ka Kano, kuma kana so ka ji abinda ke faruwa ka kuma sa baki. Abinda ake yi shine a ware oba-oba guda ɗaya a ajiye ta a gonar, a jona ta da kwamfuta mai intanet, duk abinda ta ji kwamfutar ta turo maka waya, duk abinda ka faɗa a waya kwamfutar ta zuba mata ita kuma ta watsa wa sauran. Shikenan dabarar. Wannan da aka ajiye ita zan riƙa kira gada daga nan har ƙasa.

Tun kafin mu yi nisa, manhajar ba ita bace wahalar. Cikin rabin awa zaka gama da ita. Inda mutane ke shan wuya shine ƴar wayar dake tsakanin rediyon da kwamfutar, da saita ƙarfin murya, da zafi, da wuta. Don haka can zan fi daɗewa.

Kayan da zaka nema: oba-oba ɗaya ta gada, mafi yawa a hannun mutane Baofeng ce, UV-5R ko BF-888S, ni dai na fi son UV-5R saboda tana da fuska da maɓallai kana ganin abinda kake saitawa, ita 888S sai da kwamfuta ake shirya ta. Sai tsohuwar laftof ko da batirinta ya yi sanyi, ko ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi in kana da ita. Sai ɗan sawunkad na USB ɗinnan mai rami biyu, ɗaya na maik ɗaya na iyafis, kar ka yi amfani da ramin jikin laftof ɗin, in wani abu ya ƙone gara ɗan USB ɗin ya ƙone. Sai mayfai ko tsohuwar waya mai hospot, a sa mata layin da ya fi kamawa a wajen, wannan sai ka je da kanka ka gwada, kar ka yarda da an ce.

Maganar doka kuma ba abin tsallakewa bane. Mitar rediyo a Najeriya ba ta kowa da kowa bace, NCC ke kula da ta ƴan kasuwar sadarwa, NBC ta gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma ita ke ba masu amfanin kansu lasisi, har da ƴan rediyon sha'awa waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N. Nemi mita ta halal ka zauna a kanta. Zariya gari ne na bariki, ga Depot ga Basawa, ga kuma makarantar koyon tuƙin jirgi a Palladan, su jirage suna magana ne tsakanin 118 zuwa 137 MHz. UV-5R tana aiki daga 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa 520, kaga kenan in ka tsaya kana danne-danne a inda baka sani ba zaka iya faɗawa kan mitar da zata jawo maka tambayoyin da baka shirya amsa su ba. A halin da ake ciki na tsaro, a ganka da eriya bisa rufi babu takarda ba ƙaramin abu bane, ajiye kwafin takardarka kusa da na'urar, kuma ba laifi ofishin ƴan sanda na yankin da mai unguwa su san da zamanta.

Fara da rediyon. Sa dukkansu a mita ɗaya, ta gada da na hannun yara. In suna da yawa kar ka wahalar da yatsunka, sauke manhajar shirya rediyo mai suna CHIRP, kyauta ce, ka sayi kebur ɗin shiryawa, ka fara karanto abinda ke cikin rediyon ka adana shi a fayil kafin ka taɓa komai, sannan ka gyara ka mayar. In kwamfuta ta ƙi ganin kebur ɗin yawanci direba ne, akwai masu jabun cif na Prolific da sabon direba baya karɓa, in zaka saya nemi mai FTDI ko CH340 ka huta. Wani lokacin kuma ba komai bane illa baka tura kan ya shige har ƙarshe ba, ramin Baofeng yana da tauri, danna shi sosai.

A ta gadar, in UV-5R ce, shiga menu ka gyara waɗannan. Lamba 0 shine SQL, mai toshe shuuu ɗinnan in babu mai magana, sa shi wajen 3 zuwa 5. Lamba 2 TXP mayar da shi LOW. Lamba 3 SAVE kashe shi, don in yana kunne rediyon na ɗan yin gyangyaɗi tana farkawa, sai ta cinye farkon magana. Lamba 7 TDR kashe, tasha ɗaya muke so ta saurara. Lamba 9 TOT sa 60, wato ko me ya faru in ta yi daƙiƙa 60 tana watsawa zata yanke da kanta, wannan shi zai cece ka ranar da wani abu ya maƙale kana nesa. Lamba 39 ROGER kashe shi, wannan ƴar ƙarar da take yi in an saki maɓalli, yara na son ta amma a nan fitina ce, a na hannunsu ma a kashe. Sai lamba 4, VOX, shi ke sa rediyo ta fara watsawa da kanta da ta ji murya ba sai an danna ba, kunna shi, anjima zamu dawo kan nawa za'a sa. Lamba 11 da 13 kuma na CTCSS ne, wani ɗan sauti da ke tafiya ƙarƙashin murya wanda sai rediyo ta ji shi take buɗewa, sa lamba iri ɗaya a duka rediyoyin don kar gadar ta riƙa kwaso hayaniyar wasu tana turo maka cikin dare.

Yanzu wayar dake tsakanin rediyon da kwamfutar. Gefen Baofeng akwai rami biyu, babba mai 3.5 da ƙarami mai 2.5. A ƙaramin, tsinin kan shine sifika, gindinsa kuma giraun, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa. A babban, zoben tsakiya shine maik, gindinsa kuma shine maɓallin magana. Ka lura da wannan da kyau: yadda rediyon ke gane an danna maɓalli shine gindin babban ya taɓa gindin ƙaramin. Toh shi ɗan sawunkad ɗinka giraun ɗin ramukansa biyu a haɗe suke daga ciki, don haka in ka ɗauko waya biyu kawai ka soka nan ka soka can, ka haɗe gindin biyu kenan baka sani ba, jan wuta zai kama a jikin rediyon ta hau watsawa ba tsayawa. Duk wanda ya ce maka tasa tana maƙalewa da ya jona, kusan kullum wannan ne. Maganin, kar ka jona gindin babban da komai, barshi shi kaɗai, giraun ɗinka gaba ɗaya ɗauko shi daga gindin ƙaramin.

Hanya mafi sauƙi ka yanka iyafis ɗin da ya zo cikin kwali, dama ba wani ƙarko gare shi ba, ka samu kan mai baki biyu a shirye, ka bi kowace waya da mitar gwajin wuta ka gane inda ta nufa. Kar ka dogara da kala, kowane kamfani da kalar da yake sawa. In baka saba riƙe ayan ɗin dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari da zanen a takarda, aikin ƴan mintuna ne a wajensa.

Amma jonawa kai tsaye bata isa ba. Abinda ke fitowa daga ramin iyafis na kwamfuta ya kai wajen bolt ɗaya in an ƙure, shi kuma maik ɗin rediyo ƴan milibolt yake jira, in ka ɗura masa duka murya zata fashe a ji ka kamar mai magana cikin tulu. Sa rezista 10k a kan hanya, da 1k daga bayanta zuwa giraun, hakan zai rage ƙarfin zuwa kusan kashi ɗaya cikin 11, in ka samu ɗan bolum na 10k ma ya fi don ka riƙa murɗawa har ka dace. Ƙara kafasita ƙarama a jere da layin maik ɗin saboda akwai ƴar wuta da rediyon ke turowa ta nan don maik ɗinta, bama so ta shiga kwamfuta. Ɗaya ɓangaren ma haka, daga sifikar rediyo zuwa maik ɗin sawunkad, a rage. In kuma kana jin wani gurnani huuum a ƙarƙashin murya, musamman in laftof na jikin caja ko inbata, sa ƙananan taransifoma na sauti masu 600 da 600 a kowane layi, su zasu raba giraun ɗin biyu gurnanin ya tafi. Wanda baya son duk wannan, akwai kebur ɗin BTECH APRS-K1 da aka yi don VOX, akwai kuma SignaLink USB wadda ita da kanta take danna maɓallin in ta ji sauti, ta fi VOX ɗin rediyo natsuwa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinta ya ninka na rediyon kuma sai an yo oda.

Manhajar da nake ba mutane shawara ita ce Mumble. Ƴan wasan gem aka yi wa ita, amma kyauta ce, bata da nauyi, murya na tafiya a rufe tsakaninka da sabar, kuma sabar ɗin taka ce ba ta wani kamfani ba. Kashi biyu ce, akwai sabar, wato cibiyar da kowa ke shiga, akwai kuma wadda ake magana da ita. A Android sunan wadda zaka sauke Mumla. Wasu Zello suke amfani da ita kuma tana yi, amma ni na fi son abinda ko intanet ya yanke in dai muna kan wayfai ɗaya zai ci gaba da aiki.

Ina za'a ajiye sabar, nan ne sabis ɗin waya ke ba mutane mamaki. Mumble na sauraro a ƙofa mai lamba 64738, TCP da UDP. A ƙa'ida sai ka buɗe ƙofar a rawuta ka shigo daga waje, amma layukan waya galibi mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya na waje, don haka ko ka buɗe a mayfai ɗinka babu mai iso ka. Kar ka ɓata dare kana faɗa da saitin mayfai. Ajiye sabar a kwamfutar gona, sannan ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet, a kwamfutar da wayarka, ka shiga da akawun ɗaya, kowacce zata samu adireshi mai farawa da 100, wannan adireshin na kwamfutar gona shi zaka rubuta a Mumla kamar kuna ɗaki ɗaya. In masu shiga suna da yawa, ka kama hayar ƙaramar sabar a intanet, in Debian ce ko Ubuntu rubuta sudo apt install mumble-server, sannan sudo dpkg-reconfigure mumble-server ka sa kalmar sirrin mai gida, cikin fayil ɗin saitin kuma ka cike serverpassword. Kar ka barta a buɗe don Allah, duk wanda ya shigo da bakinka zai yi magana a iska, da lasisinka.

A Mumble ɗin kwamfutar gada, zaɓi sawunkad na USB a shiga da fita, ba na laftof ba. Yanayin aikawa sa shi Voice Activity, ka zaɓi Amplitude, zaka ga wani layi mai ja da rawaya da kore yana motsi. Sa yaro ya tafi can bakin gona ya yi magana, ka ja sandunan har ya zama in yana magana layin na cikin kore, in ya saki ya faɗo cikin ja. Bolum ɗin rediyon kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku, in ka dace ka manna masa salatif don hannu baya rasa taɓawa. Kashe rage hayaniya da kashe amsa-kuwwa, an yi su don maik na ɗaki ne, muryar rediyo suna ɗaukarta hayaniya su riƙa gutsure ta. Sai abinda kowa ke mantawa: kashe duk wata ƙarar sanarwa ta Mumble da muryar nan mai karanta saƙo, da ƙararrakin Windows gaba ɗaya. In ba haka ba duk sanda wani ya shigo ko ya fita, masu gadi zasu ji baturiya na sanarwa a oba-oba ƙarfe biyun dare.

A wayarka kuma Push To Talk zaka sa, kar ka kuskura ka bar ta a buɗe, in ba haka ba hirar gidanka kaf zata tafi gona.

Data ba abin tsoro bane. Sauke ingancin murya zuwa wajen 16 kb/s, dama muryar oba-oba bata buƙatar fiye da haka, da ƴan ƙarin da ke hawa kai a ce 30. In ka buga lissafi, awa ɗaya cur ana surutu ba numfashi wajen MB 13 da rabi ne, kuma ba wanda ke magana haka. Abinda ke shanye data shine Windows in ta samu intanet ta hau sabunta kanta, don haka shiga saitin wayfai ka nuna mata layin na awo ne.

Toh VOX. A Baofeng lambar daga 1 zuwa 10 ce, fara daga tsakiya, ka yi magana daga waya kana kallon jan wutan. In baya kamawa sai ka ɗaga murya, ƙara bolum ɗin kwamfuta kaɗan ko ka matsa lambar, in kuma yana kamawa shi kaɗai ba mai magana ka koma baya. Halinsa ne ya cinye harafin farko kuma ya ɗan riƙe bayan ka gama, wannan ba gyara gare shi ba sai dai a saba. Koya wa kowa ya danna, ya ƙirga ɗaya a zuci, sannan ya yi magana, in ɗaya ya gama a ɗan jira kafin a amsa. Sallama ma tana taimakawa, ko ta cinye "assa" ɗin saƙon na nan. Kuma ka tuna gadar bata ji lokacin da take watsawa, in ka riƙe maɓalli kana ta faɗa, ko ɓarawo ne ya shigo ba mai iya katse ka.

Eriya ta fi ƙarfin wuta muhimmanci, shi yasa na ce LOW. Waɗannan mitocin kusan sai inda ido zai iya kaiwa suke zuwa, lissafin da ake yi shine tushen tsayin eriya a mita (lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka tsayin) sau 4 da ɗan ɗori ya baka kilomita, wato mita 9 zai baka wajen 12 in fili ne shimfiɗaɗɗe, in kuwa akwai dutse irin Kufena a tsakani sai dai haƙuri. Ɗaura ta a ƙarfen tankin ruwa. Sai dai kebur na cin ƙarfi, siririn RG58 a wajen 430 MHz kusan rabi yake shanyewa a duk mita 10, don haka gajarta shi ko ka sayi mai kauri. Nisanta eriyar da kwamfutar yana da wani amfanin, in ta yi kusa da wayar USB da an fara watsawa sai sawunkad ya ɓace ko maus ya haukace, in hakan na faruwa nemi zoben ferait irin ƙullin dake jikin tsohuwar wayar caja ka naɗa wayar a ciki. Da damina kuma, eriya bisa ƙarfe gayyatar tsawa ce, a kafa mata ƙarfen at a ƙasa, in hadari ya haɗo sosai wanda ke kusa ya kwance kebur ɗin daga jikin rediyon.

Kar wani ya ruɗe ka cewa CTCSS sirri ne. Hana ka jin wasu yake yi, baya hana wasu jin ka. Daga waya zuwa kwamfuta a rufe take, amma da ta fita ta eriya duk mai irin rediyon ko ɗan RTL-SDR, abin kama rediyo da ake sokawa a USB, zai ji tas. Maganar kuɗi, ko yaushe mota zata fito da ƙwai, ko mai gadi nawa ne yau, a yi ta a kiran waya.

Wanda ya samu lasisin sha'awa, shi duniyarsa ta fi faɗi. Akwai EchoLink, manhajar haɗa rediyon ƴan sha'awa ta intanet da Jonathan Taylor ya fitar a 2002, sai sun tantance lasisinka kafin su bar ka ka shiga, tana amfani da UDP 5198 da 5199 da TCP 5200, kuma tana iya danna maɓallin rediyo ta layin RTS na siriyal ba sai da VOX ba, lamba 9999 kuma wajen gwaji ne da ke maimaita maka muryarka. In rediyonka babba ce mai karɓar umarni daga kwamfuta, manhajar rigctld ta Hamlib na sauraro a ƙofa 4532, daga nesa ka tura f ta gaya maka mitar da take kai, ka tura F da lamba ta canza. Sai dai ita bata tambayar kalmar sirri ko kaɗan, a bayan Tailscale kawai ake barinta. Amma fa harkar gona ko kasuwanci bata halatta a mitar ƴan sha'awa ba, kowanne da lasisinsa.

Saura wuta da zafi. Oba-oba ta hannu an yi ta ne don a yi magana kaɗan a saurara da yawa, in ta zama gada kuwa aikinta ya ƙaru, ga zafin watan Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Ajiye ta inda iska ke ratsawa, ɗan fanka na USB ma ya isa. Kar ka barta zaune cikin cajarta dare da rana, batirin zai kumbura kuma cajar na sa gurnani, sayi abin nan mai siffar batir da ake jonawa da 12V ka haɗa da batirin sola. Mayfai ma a kan solar. A laftof kashe barci, ka saita rufe murfi kar ya kashe ta, ta riƙa shiga ba tambayar kalmar sirri, Mumble da Tailscale su tashi da kansu, a Mumble ka kunna sake haɗawa da kuma komawa sabar ƙarshe in ta tashi. In BIOS ɗin na da zaɓin kunnuwa da an kawo wuta, kunna shi. Kafin ka baro gonar zare komai daga wuta da gangan, ka mayar, ka koma gefe da wayarka ba tare da ka taɓa kwamfutar ba ka ga ko zata dawo da kanta, in bata dawo ba gyara a nan take, in ba haka ba kai ne a hanyar Giwa gobe da sassafe.